Likita, in riƙa tsallake rana don maganin Sida ya daɗe?

Tambaya: Likita, ni mace ce a Maradi, na daɗe ina shan maganin Sida. Tun da aka ce Amurka ta janye tallafi hankalina bai kwanta ba. Wata da muke karɓar magani tare ta ce ita yau ta sha, gobe ta bari, tana ajiya saboda ranar da za a ce babu. In bi ta?

Amsa: Kada ki bi ta, 'yar'uwa, kuma ki je ki hana ta.

Gaskiya ne, ranar 20 ga Janairu 2025 Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, shirin Amurka na yaƙi da Sida, PEPFAR, ya girgiza, aka rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi. Nijar dai ta fi dogara da Asusun Duniya na yaƙi da Sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Amurka ce ke zuba wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin asusun, don haka zafin ya taɓo mu. Damuwarki tana kan hanya.

Amma wannan dabara ta tsallake rana ita ce ke hana ni barci, kullum sai na ji ta a bakin wani. TLD ɗin nan da kike haɗiya magani uku ne a ƙwaya ɗaya, an auna shi ne don ya riƙe jini kwana guda. Idan kika tsallake, ƙarfinsa ya ragu, ƙwayar cutar ta samu sarari ta hayayyafa alhali akwai ɗan saura a jini. A nan take koyon yadda za ta bijire masa. Ranar da ta bijire, abin da kika tara a ƙasan akwati ya zama banza, sai an koma wani magani daban da ake kira layi na biyu, wanda ya fi tsada, ya fi wuyar samu. Wato an gudu ba a tsira ba. Kuma jiki ba ya yin gargaɗi: kina cin tuwonki kina zuwa kasuwa, cutar tana hawa cikin 'yan makonni. Idan ta hau, mijinki na cikin haɗari, jaririn da ke kan nono ma haka. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa, yanke maganin na iya tayar mata da hantar, domin biyu daga cikin ukun su ne ke danne shi ma. Raba ƙwaya gida biyu, ko ba wa kishiya daga naki, duk abu ɗaya ne.

Su kuma masu lasifika a kasuwa da suka samu kafa suna cewa tunda Turawa sun gudu a dawo ga jiƙo, su ji tsoron Allah. Babu saiwar da ke warkar da Sida. Masu yawo da magani a tire cikin rana ma kada ki saya a hannunsu.

Ki koma inda kike karɓa tun saura mako guda naki ya ƙare. In sun ce babu, kada ki juya gida, ki nemi su rubuta miki takarda zuwa wata cibiyar da ke da shi, ko babban asibitin jiha. In za ki Jibiya ko Katsina fatauci, ki tafi da katinki da maganin da zai ishe ki har ki dawo.