Ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Ingila

Ƙanina, na ga saƙonka. Allah ya sanya albarka a gurbin karatun da ka samu. Ka tambayi rigunan sanyi da yadda ɗalibi ke samun aiki a gidajen kula da tsofaffi, sannan ka yi wa hotona na cikin jirgin ƙasa, ina sanye da takunkumi, dariya: "Yaya, wai har yanzu korona ake yi a can?" Rigar sanyi in ka iso ka saya. Dariyar nan zan amsa, domin ta sosa mini rai.

Gaskiyarka, tun Janairun 2022 aka soke dokar sa takunkumi a Ingila, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin gaggawa kan korona a Mayun 2023. Ba wanda zai tare ka a hanya. Amma a gida ka saba da taga a buɗe da hira a ƙofar gida. Nan kuwa daga Oktoba har Maris tagogi a garƙame suke, na'urar ɗumama ɗaki a kunne. Numfashin mai tari yakan tsaya a ɗaki kamar hayaƙin ɗanyen itace a madafi marar taga, ko ya fita yana nan. A irin ɗakin nan korona ta kama ni, ina sanye da shuɗin takunkumin da wurin aikinmu ke rabawa, mai bakin buɗe ta gefen kumatu.

Zazzaɓin ya zo ya wuce. Abin da ya bari ne ya karya ni. Na yi watanni in na hau bene sai na zauna a tsakiya na huta. Sallar asuba a zaune nake yi. Na buɗe robar daddawar da Inna ta aiko, na kai har bakin hanci, ban ji komai ba. In na ɗauki takarda sai in yi ta maimaita layi ɗaya bai shiga ba. Doguwar korona ke nan: alamun da ke nan wata 3 bayan kamuwa, su kuma daɗe aƙalla wata 2. A Maris ɗin 2023 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta kiyasta mutum miliyan 1.9 da suka ce suna fama da ita.

Kai baƙo ne, ka riƙe wannan. Fam 776 da za ka biya duk shekara na lafiya zai kai ka gaban likita, amma ba ya biyan haya. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar karɓar tallafin gwamnati, aikinka kuma awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu. In ka daina zuwa aji, wajibi ne jami'a ta sanar da hukuma. Ni da na kwanta, manajanmu ya yi ta bugo waya, ba don gaisuwa ba, yana tambayar yaushe zan dawo, daga baya ya ba wani ranakun aikina. Daga gida kuma ana cewa na yi ƙiba a hoto, in turo na azumi. Wallahi wannan ya fi mini ciwo.

Alhamdulillahi na miƙe, yau ni ke jagorantar ma'aikatan dare a inda nake, kuma da kuɗina nake sayen takunkumina. Ka nemi mai lamba FFP2, yana tace aƙalla kashi 94 cikin 100, ko FFP3 mai kashi 99. Ka matse ƙarfen kan karan hanci. In tabarau ya yi hazo, iska na fita ta sama. Gemunka ma zai hana shi kamawa sosai, don haka ka ƙara da nisantar mai tari da buɗe taga. Ba ko'ina nake cewa ka sa ba: cikin jirgi, bas ɗin safe, ɗakin jiran likita, da Juma'ar hunturu in masallaci ya cika maƙil.

Kana sauka ka yi rajista da likitan unguwarku, kada ka bari sai ka kwanta. In ka samu aikin, ka tambayi allurar rigakafin mura da ake yi wa ma'aikatan kula da tsofaffi duk kaka. Ka gaida Inna.