Filin Amsa Tambayoyinku: Kundin Shania Twain Bai Zo Na Ɗaya Ba, To Ya Aka Yi Ya Fi Kowa Ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah ku raba mu gardama ni da yayana. Shi ya dage wai kundin waƙoƙin Shania Twain mai suna Come On Over babu kundin wata mawaƙiya da aka saya kamarsa a duniya, ni kuma na duba na ga ko sau ɗaya bai hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200 na Amurka ba. To abin da bai zo na ɗaya ba ta ina zai fi kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai da yayanka duk kuna da gaskiya, amma tashi ta fi taka ƙarfi, sai ka yi haƙuri.

Kundin ya fito a Nuwamban 1997 daga kamfanin Mercury Nashville, kuma eh, a matsayi na biyu ya tsaya, bai wuce nan ba. Sai dai shi jadawalin nan a wancan lokacin cinikin mako guda kawai yake aunawa, wa ya fi sayarwa daga wannan makon zuwa wancan, shi ke nan. Ka ga kenan idan ka fito lokacin da wani ya tare hanya to ka zauna a na biyu ko da kuwa cinikinka ya kai ya kawo. Ita kuwa ta fito a lokaci mai cunkoso, don a cikin watan nan ne mawaƙi Garth Brooks ya saki kundinsa Sevens wanda ya sayar da kwafi kusan dubu 900 a makon farko, da aka shiga 1998 kuma faifan waƙoƙin fim ɗin Titanic ya zauna a sama mako 16 cur.

Abin da Come On Over ya yi shi ne ƙin sauka. Waƙoƙi 16 ne a ciki, aka dinga zaro su ɗaya bayan ɗaya ana kai wa gidajen rediyo har sai da aka fitar da 12, tun daga 1997 har cikin 2000, wato kusan shekara uku kundi ɗaya yana ta haihuwa, duk lokacin da ciniki ya fara sanyi sai a sako wata sabuwa da bidiyonta mutane su sake komawa kanti. A jadawalin kiɗan kantiri zalla ma, wato salon kiɗan Amurka da aka san ta da shi, ai na ɗayan ya yi, har mako 50. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba shi shaidar kwafi miliyan 20 a 2004, a duniya baki ɗaya kuma ana lissafa masa sama da miliyan 40. In yayanka na son ya ƙara gyara maganarsa sai ya ce kundin sutudiyo na mace ita kaɗai, don akwai The Bodyguard na Whitney Houston da ake lissafa masa fiye da haka, amma shi faifan fim ne kuma akwai wasu mawaƙa a ciki.

Tambaya: Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, na saurari wata waƙa a kundin nan a wurare biyu na ji kiɗan ba iri ɗaya ba ne, muryar dai ita ce. Jabu na ji ko me?

Amsa: Ba jabu ba ne malama, da gangan aka yi, kuma a ganina nan ne sirrin kuɗin yake. Kiɗan kantiri na Kudancin Amurka ne asalinsa, cibiyarsa birnin Nashville a jihar Tennessee, kuma yana da kayan kiɗan da ake gane shi da su, irin gogen nan nasu da wata jita da ake kwantarwa ana jan ƙarfe a kan tsirkiyarta tana wani irin kuka. Mutanen Amurka da Kanada kunnensu ya saba, amma a Turai da yawa da sun ji wannan sautin sai su canza tasha. To sai ita da mijinta na lokacin, Mutt Lange, wanda shi ne furodusa kuma tare suka rubuta waƙoƙin, suka sake haɗa kiɗan don kasuwar waje a 1998, aka rage gogen aka ƙara salon pop. Shi Lange ɗin dama ba ɗan kantiri ba ne, mutumin kiɗan rok ne, shi ya yi wa ƙungiyar AC/DC aikin kundin Back in Black ya kuma yi wa ƙungiyar Def Leppard aiki, saboda haka ya san yadda ake gina amshin da filin wasa guda zai ɗauka.

Dabarar ta ci. A Birtaniya kundin ya hau na ɗaya a 1999, kuma shi aka fi saya a ƙasar a wannan shekarar, ga mawaƙiyar da ake ce wa 'yar kantiri fa. Masu ra'ayin riƙau a Nashville sun yi ta ƙorafi wai wannan ba kantiri ba ne, pop ne aka sa wa malafa, ga ta kuma 'yar Kanada ce ma, a Timmins ta jihar Ontario ta tashi. Ni dai ina ganin ƙorafin nasu ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, wasu waƙoƙin in ka cire gogen babu abin da ya rage na kantiri a jikinsu. Amma duk da surutun, kyaututtukan Grammy huɗu da kundin ya jawo mata duk a rukunin kantiri aka ba ta su.

Da ta zo yin kundi na gaba, Up!, a 2002, sai ta daina ɓoye-ɓoye, waƙoƙi iri ɗaya aka yi musu kiɗa kala uku: koren faifai na kantiri, ja na pop, shuɗi kuma mai salon kiɗan Indiya. Wannan kam ya shiga Billboard 200 a na ɗaya kai tsaye da kwafi 874,000 a makon farko, amma a jimilla ko kusa da Come On Over bai je ba.

Tambaya: Wai su waɗannan alƙaluman wa yake ƙirga su? Ba kamfani ne kawai ke faɗin abin da ya ga dama ba?

Amsa: Ƙirga iri biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na Billboard, daga Mayun 1991 na'urar SoundScan ce ta fara ɗaukar kowane kwafi da aka biya kuɗinsa a kanti. Kafin nan tambayar masu kantuna ake yi su faɗa da baki, kuma ana raina kantiri a lissafin, shi ya sa ana fara ƙirga na gaskiya a shekarar nan kundin Garth Brooks, Ropin' the Wind, ya zama kundin kantiri na farko da ya shigo a na ɗaya tun makon fitowarsa.

Na RIAA kuma shaida ce da kamfani ke nema a bincika takardunsa a ba shi: zinare kwafi dubu 500, filatinam miliyan ɗaya, daimon miliyan 10. A zamanin sidi abin da aka tura kantuna ake ƙirgawa, kuma kundi mai faifai biyu a kwali ɗaya ana iya lissafa shi biyu, shi ya sa Up! ya samu shaidar miliyan 11 alhali kwalayen da suka fita wajen rabin haka ne. Come On Over kuwa faifai ɗaya ne, miliyan 20 ɗinsa babu ninki a ciki. Daga ƙarshen 2014 Billboard ta fara haɗawa da sauraro ta intanet, a lokacin sauraro 1,500 shi ne kwafi ɗaya, don haka in kin ga an ce kundin wani na yanzu ya yi miliyan kaza, ki fara tambaya kwafi nawa aka saya da kuɗi, nawa ne kuma sauraro aka juya.