Muryar Malam ga Hadiza a kan -ing na Ingilishi

Assalamu alaikum ƴan gurup, barkanku da marece. Hadiza ƙanwata, na saurari muryarki tun azahar, ina cikin aji ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce kin rubuta "before to go to the market", mushenku, wato malamin Ingilishinku, ya ja miki layi da jan alƙalami, ya rubuta jerand a gefe. Kika je kika buɗe littafin Faransanci wajen jerondif, kanki ya ƙara ɗaurewa. To ki kwantar da hankalinki. Ƴan turwaziyam masu shirin jarrabawar birbe da ƴan tarminal masu shirin jarrabawar bak, ku ma ku kasa kunne, don kuskuren nan duk shekara sai na gan shi a takardunku.

Da farko ki rufe littafin Faransancin nan. Sunayen ne suka yi kama, aikinsu daban. Jerondif shi ne irin "en marchant", "en mangeant", wato yana cikin tafiya, yana cikin ci. Shi kuwa jerand na Ingilishi aikatau ne aka liƙa masa -ing ya koma suna, ya zauna inda suna ke zama a cikin jimla.

Abin da ke damuna, wallahi, mu ƴan Nijar tun daga sizyam muke bi ta Faransanci kafin mu isa Ingilishi, alhali a wannan darasin Hausa ta fi kusa. Muna da abin nan a bakinmu tun muna goye. Karatu, rubutu, gudu, tafiya, girki, su (wato kamun kifi). Duka sunayen aiki ne. In kika ce "su sana'a ce a Madarunfa", kalmar su ita ce kan zancen, ko ba haka ba? Bature zai ce "Fishing is a trade in Madarunfa". In kika ce "shan taba yana da haɗari", sai ya ce "Smoking is dangerous". Faransanci kuwa "Fumer est dangereux" yake cewa, ya bar aikatau a sifarsa ta asali, ba ƙari. Nan ne hanya ta rabu.

Yanzu ga jimlarki. Kin yi tunanin "avant d'aller au marché", kika ga aller, kika ce to go. A ce da Hausa kika fara: "kafin zuwa kasuwa". Zuwa mene ne? Sunan aiki. Sai ki ce "before going to the market", shi ke nan. Ƙa'idar ba ta da tangarɗa: duk aikataun da ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan irin before, after, without, of, for, in, about, dole ya ɗauki -ing. Bayan cin abinci, "after eating". Ya sauka daga kabu-kabu ba tare da biya ba, "without paying". Na gaji da jira, "I am tired of waiting". Ki lura, ci, biya, jira, duk sunaye ne a Hausa. Wannan kaɗai in kika riƙe shi kin tsirar da maki masu yawa.

Wani zai ce, Malam, ai "she is cooking" ma yana da -ing. Haka ne, amma wancan ba jerand ba ne, yana nuna aikin da ake cikin yi yanzu. Kuma ko nan Hausa ba ta bar mu ba. "Inna tana girki", "girki yana da wuya". Kalma guda ce, a ta farko ana cikin yi, a ta biyu ita ake ba labari. In kina shakka, ki cire kalmar ki sa it a wurinta. "Cooking is hard", "it is hard", zance ya zauna, to jerand ne. "She is it" kuwa ba magana ba ce.

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai inda Hausa ba za ta cece ku ba. Muna cewa "ina son tafiya", Ingilishi kuma bai yarda da "I want going" ba, sai "I want to go". Want, decide, hope, promise, su "to" suke so a bayansu. Enjoy, finish, avoid, keep, mind, suggest, su kuma -ing suke so. "I finished washing", na gama wanki. Like da start suna karɓar duka biyun. Wannan hadda ce kawai, kamar yadda kuka haddace le da la. Ki ware shafi guda a bayan kayenki, wato littafin rubutunki, ki raba shi biyu, duk wanda kika tarar a karatu ki rubuta shi a ɓangarensa tare da jimla cikakka. Kada ki rubuta kalmar ita kaɗai, ba ta zama a kai.

Wanda na fi so ku kula da shi shi ne stop, don ma'ana ke juyawa gaba ɗaya. Direba ya taso daga Maradi zai tafi Jibiya, ya kai Ɗan Isa yunwa ta kama shi. "He stopped to eat", ya tsaya don ya ci abinci. Yana cikin ci fasinjoji suka matsa masa, "he stopped eating", ya daina ci. Kin gani? Mu muna da tsaya, muna da daina. Su kalma guda gare su, sai abin da ya biyo bayanta ya raba gardama. Remember ma haka. "Remember to lock the door", kada ka manta ka kulle ƙofa, ba a yi ba tukuna. "I remember locking the door", ina tune da na kulle, an riga an yi.

Sai ta ƙarshen wasiƙa, da kuke yawan rubuta "I look forward to see you". A'a, "to seeing you" ne. "To" ɗin nan ba irin na "want to go" ba ne, yana cikin layin before da after. Ki gwada sa suna a bayansa: "I look forward to the holidays", ya zauna daram. Tunda ya karɓi suna, aikatau ma sai ya zo masa a matsayin suna.

Rubutun kuma a kiyaye: write ya zubar da e ya zama writing, run ya ninka n ya zama running, lie ya zama lying.

Ga kiran magariba can an fara. Hadiza, ki rubuto mini jimla 5 da Hausa a kan aikin gidanku, kowace da kafin, ko bayan, ko ba tare da, sannan ki juya su Ingilishi ba tare da kin bi ta Faransanci ba. Ki turo nan gurup kowa ya amfana, in sha Allah bayan isha'i zan duba. Ki gaishe mini da su Baba.