Fareti, da kuɗina da suka maƙale tun 1986

Jiya da la'asar ina tsakiyar yanka ka zo ka tsaya mini a ka, waya a hannu kamar kullum, kana cewa, "Maigida, wai kalmar fareti Hausa ce ko aro? Kuma me ya sa kake cewa ɗinkin kayan fareti daban yake da na makaranta, alhali yadi ɗaya ne?" Ban tanka maka ba, don mai almakashi a hannu ba ya hira. Amma da dare barci ya ƙi zuwa, kalmar nan ta fama mini wani tsohon miki. Shi ya sa na zaunar da jikata tana rubutawa ina faɗa, tunda ku yaran yanzu abin da bai fito a fuskar waya ba, ba ya shiga kanku.

Aro ce. Bature parade yake cewa. Bakin Bahaushe kuwa ba ya shiri da harafin p, duk inda ya gamu da shi sai ya mai da shi f. Dubi fenti, famfo, fensir, fasinja, har facin da kake yi wa gwiwar wando a karkace. Sannan ba mu cika son kalma ta ƙare a dunƙule ba, sai mun buɗe mata baki da wasali. Haka ta zama fareti, ta zauna daram har kai ka girma kana zaton kakanninka ne suka ƙirƙiro ta.

Ta ƙofar bariki ta shigo. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Legas ya ba su bindiga, daga baya a 1897 aka kafa rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma aka damƙa ta a hannun Lugga. Hausa ta zama harshen bariki, ko kai Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba. Duk a kwando ɗaya suka zo mana: soja, kofur, saje, samanja, hafsa, kurtu, da ita kanta bariki. Lokacin ina yaron shago kamarka, akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, kullum yana zaune a benci a ƙofar maigidana yana cin goro. Shi ya ce mini a bariki duk taron da aka jera mutane sahu-sahu don babba ya duba su, sunansa fareti, ko an taka ko ba a taka ba. Akwai na safe, akwai na karɓar albashi, har marasa lafiya sai sun jeru kafin su ga likita. Takawar da kuke gani, hagu dama hagu dama, wannan maci ne. Maci yana cikin fareti, amma ba shi ne faretin duka ba. Tsohon nan yakan ba mu labarin kayansu na bikin da, gajeren wandon kaki da jar dara da jar falmaran, yana cewa idan sitaci ya kama wandon sai ka ajiye shi a ƙasa ya tsaya da kansa.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Wani malamin sakandare da nake wa ɗinki shekara da shekaru ya buɗe mini ƙamus a nan kan teburin yanka. Daga Faransawa suka karɓa wajen shekara ta 1650, su kuma Faransawa suka samo daga Italiya da Sifen, tushen can ƙasa kuwa wata kalmar Latin ce, parare, wato shiryawa. Abin da ya fi burge ni shi ne, tun farko kalmar tana da alaƙa da doki: mahayi ya zaburo, ya ja linzami ya tsayar da doki cak don a ga gwanintarsa. Na ce masa, Malam, ai wannan jahi ne, mu ma muna da shi a ƙofar fada. Abin dariya, Faransawan da suka ba da aron, bikin sojansu na 14 ga Yuli ba da wannan suna suke kiransa ba, defile suke cewa. Shi ya sa in ɗan boko daga Maraɗi ya ce maka defile kada ka tsaya kana zare ido.

Kuma ka daina abin da na ji abokanka suna yi, komai suka ga an jeru sai su ce fareti. Hawan Sallah hawa ne. Wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 hawan daba ne, ita ma daba daga Indiya Turawa suka ɗauko ta, kamar yadda suka ɗauko kaki, wanda asalin ma'anarsa launin ƙura. Na Maulidi zagaye ne. Motocin kai amarya jerin gwano ne. In 'yan sanda suka baje ɓarayi gaban 'yan jarida, Bature zai kira shi da wannan kalma tasa, mu holi muke cewa. Fareti na masu kayan sarki ne da masu kwaikwayonsu: soja ranar yaye kurata a Zariya, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima, sai 'yan makaranta ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba.

To, waɗannan 'yan makarantar su suka ja mini.

A damina ta 1986, ina da kekuna uku, Singer biyu da Butterfly ɗaya, da yara huɗu, ina ji da kaina ƙwarai. Wani mutum ya zo da mota, babbar riga tana shan iska, ya ce shi aka ba kwangilar kayan faretin wata makaranta na 1 ga Oktoba. Yara ɗari da ashirin, farar riga da koren gajeren wando. Saura mako biyar. Ya ajiye kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, ya ce sauran ranar karɓa. Na ce a kawo yaran in auna su. Ya yi dariya ya zaro takarda, wai ga sunaye da aji da shekaru, ai babban tela kamarka ba ya buƙatar tef. Wallahi maganar nan ita ta kayar da ni. Yabo ya shiga kaina, na karɓi takarda na bar awo.

Kuskure na biyu ya fi na farko. Kuɗin da ya bayar bai isa yadi duka ba, sai na je Kantin Kwari na sayi rabin farin, na ce in an kwana biyu na dawo in cika. Da na koma bayan kwana goma wancan ya ƙare. Mai shago, mutumin kirki, ya ba ni wani bashi, ya ce kamfani ɗaya ne. Na kara su a cikin rumfa, a inuwa, na ga fari da fari. Na ɗauka na taho.

Mako uku ba mu yi barcin kirki ba. Wuta in ta ɗauke mu kunna fitilar ƙwai biyu, mu ci gaba da taka keke. Yatsan babban yarona sai da allura ta huda shi har farce, ya naɗe da ƙyalle ya koma kan keke, ba irinku ba da ciwon kai kaɗan sai a ce an tafi gida. Daren 30 ga Satumba muna guga da dutsen gawayi har aka kira assalatu. Mutumin ya iso da asuba da a-kori-kura, yana ta sauri, wai yara suna jira, kuɗi suna ofis, in same shi a fili bayan an tashi. Na bar shi ya loda kaya. Ko takarda bai sa wa hannu ba.

Na yi wanka na sa sabuwar riga na tafi filin, ina son in ji ana tambayar wane tela ne ya yi wannan aiki. Rana ta take, wajen ƙarfe goma, makarantar ta taho ana buga ganga. Tun daga nesa gabana ya faɗi. Sahun gaba fari tas har yana ɗaukar ido, na baya kuwa fari mai ratsin ruwan madara, kamar an wanke shi da ruwan rijiya. Abin da inuwar rumfa ta ɓoye, rana ta tona shi gaban gwamna da jama'a. Ga wanduna, wani ya sauka ƙasan gwiwa, na kusa da shi ya tsaya a tsakiyar cinya, domin 'yan shekara goma sha biyu ba tsawonsu ɗaya ba, abin da ko makaho ya sani amma ni na manta. Da suka zo daidai rumfar manya aka ba da umarnin juya kai dama, wani dogon yaro a gefen da nake ya wurga hannu, na ji ƙyat, hammatar rigar ta buɗe. Yaron bai fasa takawa ba, yana tafe yana matse hannu a jiki, kunya ta rufe shi. Har yau ina ganin fuskarsa.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma saurara ka ji ƙarshen zalunci. Makarantar ba ta dawo da ko riga ɗaya ba, yara sun ci gaba da sa kayan har suka tsufa, ina ganinsu a hanya. Daga baya na samu tabbacin an biya mutumin kuɗinsa cif tun kafin ranar. Ni kuwa duk zuwan da na yi gidansa sai ya ce na kunyata shi gaban manya, in gode wa Allah bai kai ni kotu ba. Wata rana a ce yana barci, wata rana a ce ya yi tafiya alhali ga motarsa a ƙofa. Na yi sawu ya fi ashirin. Na kai ƙara wurin mai unguwarsu, aka ce ina shaida, ina takarda? Babu.

Kuma a daidai ƙarshen Satumbar nan ne gwamnatin Babangida ta fara gwanjon dala, naira ta zube, farashin yadi ya tashi. Mai shagon da ya ba ni bashi ya ce shi yadinsa yake so ko kuɗin yadi na ranar, kuma gaskiyarsa ce. Na sayar da Singer ɗaya, wadda maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni, mai tambarin zinariya a wuya. Na sallami yara biyu. Mutumin ya rasu da daɗewa, mutane suna ce mini in yafe. Na ji. Ban dai ce komai ba tukuna.

Yanzu ka gane bambancin da kake tambaya? Kayan makaranta mutum ɗaya ake kallo a cikinsu. Kayan fareti sahu ake kallo, ido yana bin layi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, duk wanda ya fita daban shi za a gani. Don haka yadi duka rana ɗaya za ka saya, daga ɗauri ɗaya, ka fito da shi tsakiyar rana ka kara bandir da bandir kafin ka biya. In kuɗin mai kaya bai isa yadi duka ba, bai shirya ba, ya tafi ya dawo. Ka jiƙa yadin ya sha iska kafin almakashi ya taɓa shi, in zai tsuke ya tsuke a igiya. Yara kuwa ka je da ƙafarka ka jera su yadda za su tsaya a fili, ka auna bakin wando daga gwiwar kowane yaro, yatsu nawa sama da gwiwa, kowa daidai. Hammata ka ba ta fili, domin mai maci yana wurga hannu har kusan kafaɗa, ka kuma bi ta sau biyu, haka ma tsakiyar wando. Maɓalli ka ɗaure shi kamar ba za a sake ganinka ba.

Yadda ake yanka wuya da kafa aljihu da sa zif ba zan ɓata bakina a kai ba. Shekararka biyu a shagon nan, in har yanzu sai an gaya maka, to ka koma sayar da katin waya.

Na ga wancan malamin firamare da ya zo shekaranjiya yana yi maka daɗin baki a waje kan kayan 27 ga Mayu, har yana dafa maka kafaɗa yana kiranka injiniya. Kada ka amsa masa komai. In ya dawo ka turo shi wurina, ya zo da kuɗin yadi gaba ɗaya da rabin ladan ɗinki, da shaidu biyu, ragowar kuma a hannuna kafin riga ɗaya ta bar shagon nan. Gobe ka zo da wuri, ka share ƙarƙashin teburin yanka, kuma ka nemo mini allina shuɗi da ka ɓatar tun ranar Talata.