Amsar Kawu kan sunan da ke rigar Ummi

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Kawu, barka da yamma, ina gajiya. Na ji saƙonka kan hoton da na turo na Ummi a cikin ƙanƙara, ka ce mene ne wannan "Jackrabbit" da aka rubuta a rigarta, sunan makaranta ne ko na kamfani. To Kawu, laƙabin mutum ne, kuma labarinsa ya fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Sunansa Herman Smith-Johannsen, mutumin ƙasar Norwe. An haife shi a wani gari na bakin ruwa, Horten, ranar 15 ga Yuni 1875. Ya rasu 5 ga Janairu 1987. Ku ƙirga da kanku, shekara 111 ke nan. Ya yi karatun injiniya a Jamus, ya gama a 1899, ya tsallaka Amurka neman abinci kamar yadda mu ma muka fito. Aikinsa sayar da manyan injuna. A garin Cleveland ya haɗu da matarsa Alice, suka yi aure a 1907, Allah ya ba su 'ya'ya uku, mata biyu da namiji ɗaya. Har Kyuba sun zauna saboda aiki, kafin su tare a nan Montreal, a ƙasar Kanada.

Abin da Ummi take koyo, a nan ana ce masa ski. Wasu dogayen katako ne biyu sirara, a ɗaura a ƙafa, a riƙe sanda biyu, mutum ya riƙa sulɓewa a kan ƙanƙara. A Norwe ba wasa ba ne kawai, sufuri ne, kamar keke a wurinmu. Shi tun yana ƙaramin yaro ya iya. Ana cewa 'yan ƙabilar Cree, mutanen asali na arewacin Kanada, su suka sa masa sunan da ke nufin sarkin zomaye, saboda saurinsa a daji. Ita kalmar "Jackrabbit" a Turanci sunan wani irin zomo ne.

Yanzu ga inda nake so Yaya babba ya kasa kunne, don na ji abin da ka faɗa rannan, cewa tunda shago ya rushe kuma ka haura hamsin, kai taka ta ƙare. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, kasuwancin mutumin nan ya mutu murus. Ba mai sayen inji. Yana da shekara hamsin da 'yan kai, ga mata, ga yara. Sai ya kwashe iyalinsa suka bar birni, suka koma duwatsun Laurentides da ke arewa da Montreal, ƙauye sosai a wancan zamanin, inda sanyi ke kai wa ruwa ya daskare wata da watanni. Injiniya mai takardar Jamus ya ɗauki gatari da zarto.

Sana'ar da ya kama ita ce sarar hanya a daji. Kada ku ɗauka sassabe ne kawai irin na gona. Sai ka san ƙasa. Ka duba gangare, kada ya yi tsini mai tafiya ya karye, kada kuma ya kwanta da yawa mutum ya gaji da turawa. Ka san gefen dutsen da rana ke bugawa ta narkar da ƙanƙara da wuri, ka kauce masa. Ka san inda rafi yake a ƙarƙashi. Ka je wurin manomi ka roƙe shi ya bari hanya ta ratsa gonarsa. Ka sa alama a jikin itatuwa don baƙo kada ya ɓata. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, yana haɗa ƙauye da ƙauye. Mafi shahara ita ce hanyar Maple Leaf, wajen kilomita 128, daga Labelle zuwa Shawbridge. Mutanen birni suka riƙa hawo jirgin ƙasa suna zuwa ƙarshen mako, masu masauki suka samu baƙi, ƙauyukan suka farfaɗo. Shi kuwa bai yi kuɗi da abin ba, ya dai ci da iyalinsa.

Ni abin da ya fi taɓa ni matarsa ce. 'Yar birni ce, ta bi shi cikin wannan talaucin da wannan sanyin, ba ta koma gidansu ba. Shekara 56 suna tare, ta rasu a 1963. Ya rayu bayanta shekara ashirin da uku da 'yan watanni, yana zaune a ɗan ƙaramin gidansa a Piedmont, yana fita kan katakonsa har ya haura shekara ɗari. Babbar 'yarsu, ita ma Alice, ta zama shugabar gidan tarihi na Redpath a jami'ar McGill. A 1972 gwamnatin Kanada ta ba shi lambar girma ta ƙasa, yana da shekara 97 a lokacin.

Shirin koya wa yara da Ummi take zuwa, sunansa aka sa masa, kuma a duk faɗin Kanada ake yi. Shi ne abin da ka gani a rigar, Kawu.

A Norwe ajali ya same shi, ƙasar da aka haife shi. Amma kabarinsa yana nan Saint-Sauveur, kusa da na matarsa, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga gidanmu. Yaya, ka kira ni bayan isha'i, akwai maganar da nake so mu yi kan kayan aikin nan naka da ka ce za ka sayar. Don Allah ka dakata tukuna. A gaida Inna da yara.