Ga mai tafiya Kumasi gidan kawunta

'Yar uwa, da na ga kin ce za ki yi wata biyu a Kumasi gidan kawunki mai mata uku, kina tambayar tsarabar da za ki riƙa da yadda za ki zauna da su, wallahi sai da gabana ya faɗi. Na yi irin wannan zama a unguwar Aboabo ta Kumasin, can Ghana, a 2015, gidan mijin gwaggona, mun haura ashirin, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya.

Lokacin ana tsakiyar abin da suke kira dumsor, a kawo wuta a ɗauke, wani sa'in a wuni a kwana babu. Zafin can kuma ba irin na Kano ba ne da za ki shiga inuwa ki sarara. Gumi ne kawai, jiki ya yi ta danƙo, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. Ki bar leshi a gida, ki ɗebi atamfa marar nauyi. Gidan sauro kuwa ki tafi da naki, kada ki ce kunya.

Ni kunyar ce ta cuce ni. Sati na biyu zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, ina kwance a tabarma ina rawar ɗari cikin wannan zafi. Kishiyar gwaggo ta zo bakin ƙofa, ko sannu babu, ta ce a gaban yara, "Baƙon Najeriya ya zo hutu, mu ne bayinsa." Ni take nufi fa, don Hausarsu ba ta cika raba mace da namiji ba. Yara suka tuntsire da dariya. Matar nan har ruwan ledar da nake sha ƙirgawa take. Laifina ɗaya, ranar da na sauka na juye tsarabata kaf a ɗakin gwaggo, na ɗauka za ta raba. Ta raba ɗin, amma abin da ya isa ɗakin waccan bai kai na sauran ba, shi ke nan na zama abokiyar gaba. Gwaggo tana ji ba ta tanka ba, don ita ma zaman haƙuri take. Na yi kuka daren nan kamar raina zai fita. Har yau in na ji ƙamshin turaren da take sawa sai raina ya ɓaci. Allah ya yafe mana dai.

To ke ki ƙulla tsarabar kowane ɗaki daban tun daga gida, daidai wa daida, ki fara miƙa ta uwargida. Kilishi, yaji, turaren wuta, suna so sosai. Ki canza kuɗi zuwa sidi, kuɗin Ghana, bayan kwana uku ki ba da na cefane ko an ce ki bari. Baƙo raɓa ne, amma wata biyu ya wuce raɓa. Ki tashi da asuba ki kama layin wanka, ki ɗau tsintsiya ba sai an ce ba.

Abinci ba zai ba ki wuya ba, akwai koko da ƙosai, tuwon zafi, wake da shinkafar da suke ce wa waakye. Dokunu ne, wani tuwonsu na masara, da tsaminsa sai a hankali. Sakwararsu ta rogo da agade ce, haɗiyewa ake, ni da na tauna an yi mini dariya. Ke kuma kada ki yi wa Hausarsu dariya, suna jin haushi.

In ta mota za ki bi, ta bodar Seme da ta Aflao, katin allurar shawara ya kasance a jakar hannunki. Kasuwar Kejetia kada ki shiga ke kaɗai ranar farko, na ɓace a ciki har la'asar.

Kuɗin motar komawa ki ɓoye inda ba wanda ya sani, ko kawun. Wace unguwa suke ne, Aboabo ko Asawase?