Tambaya da Amsa: Me ya sa fina-finan barkwanci na masu neman jinsi suka yi yawa a Netflix da YouTube?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina ɗan taɓa rubutun labarin fim ne, shi ya sa nake yawan kallon na ƙasashen waje don in ga yadda suke gina labari. Kwanan nan na lura duk sanda na shiga ɓangaren barkwanci a Netflix ko Prime Video sai in ta cin karo da fina-finai da masu dogon zango waɗanda jaruman cikinsu masu neman jinsi ne, maza ko mata. Wai sabon abu ne ko ni ce ban sani ba? Waɗanne ne na kwanan nan? Kuma ba irin rol ɗin ɗan daudu ba ne da muka saba gani a namu fina-finan? Sannan ƙannena suna shiga da akawun ɗina, ya zan yi da su?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, na gode da tambaya, kuma na ji daɗi da ta fito daga mai rubutu, domin abin da ya canza a wannan fanni a rubutun yake. Bari in fara da ta ɗan daudun tunda ita ce gishirin maganar. A'a, ba abu ɗaya ba ne, amma Turawan ma daga irin wannan rol ɗin suka taso.

Kin ga a Hollywood akwai wata dokar tace fim da ake kira Hays Code, an fara aiki da ita gadan-gadan a 1934 kuma ba a jingine ta ba sai 1968. A duk tsawon shekarun nan ba a yarda ka nuna namiji mai son namiji a fili ba, to sai marubuta suka ɓullo ta bayan gida, su sako wani ɗan rol na mutum mai yanga da karairaya, mai sayar da kaya ne ko ma'aikacin otal, ya shigo ya yi fari da ido ya fita 'yan kallo su tuntsire da dariya. Ba shi da gida ba shi da uwa ba shi da wata damuwa tasa, aikinsa kawai a yi masa dariya. In kika duba yadda aka riƙa amfani da ɗan daudu a barkwancin Kannywood za ki ga ginin ɗaya ne, tafa hannu da "ahayye" da ɗaurin zani a ƙirji su ne duka rol ɗin, da wuya ki ga an bi shi gida an nuna miki me yake tunani idan ya kwanta da dare.

Tunda mu nan mutanen fim ɗin Indiya ne, misalin da zai fi zama miki a kai daga can yake. Kin tuna Kal Ho Naa Ho na 2003? Akwai 'yar aikin nan Kantaben, duk sanda ta shigo ɗaki sai ta tarar da Shah Rukh Khan da Saif Ali Khan a wani yanayi da take zargin wani abu ne tsakaninsu, jikinta ya hau ɓari, tiren hannunta na karkarwa. Duka dariyar a kan zargin take, alhali mu masu kallo mun san ba komai. A 2008 Dostana ya ɗauki wannan wasan ya mai da shi fim sukutum, Abhishek Bachchan da John Abraham suka yi ƙaryar masoya ne don su samu hayar gida a Miami. To a Satumbar 2018 kotun ƙolin Indiya ta soke ɓangaren sashe na 377 na dokar laifukan ƙasar da ya mai da mu'amalar jinsi ɗaya laifi, ba a yi shekara biyu ba sai ga Shubh Mangal Zyada Saavdhan a Fabrairun 2020 da Ayushmann Khurrana, sai kuma Badhaai Do a 2022. Wannan na biyun shi ne nake so ki lura da rubutunsa. Rajkummar Rao ɗan sanda ne mai ji da ƙwanji, Bhumi Pednekar malamar motsa jiki ce a makaranta, kowannensu jinsinsa yake so kuma kowannensu dangi sun hana shi sakat da maganar aure, sai suka haɗa baki suka auri juna don a shafa musu lafiya su zauna gida ɗaya kamar 'yan haya. Shi kenan an huta? Ina, biki na watsewa dangin miji suka dawo da wata sabuwa, wai shiru har yanzu amarya ba ta da ciki, aka fara shawarwari da zuwa asibiti, har aka turo uwar miji ta zo ta tare a gidan don ta sa ido. Kin ga inda dariyar ta koma, ta bar kan tafiyar mutum da muryarsa ta koma kan ƙarya da ke haifar ƙarya, da dangi masu shiga sharo ba shanu, kuma mai kallo yana tsaye ne a gefen mutum biyun nan yana jin faɗuwar gabansu duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa. A da mai neman jinsin shi ne abin dariyar, yanzu shi ne mai labarin. Wannan shi ne bambancin, kuma duk fim ɗin da kika gani a wannan layi da wannan ma'aunin za ki gane tsohon yayi ne ko sabo.

Batun ko sabon abu ne kuwa, ba sabo ba ne, yawan ne sabo. Tun 1978 Faransa ta yi La Cage aux Folles, Amurkawa suka sake shi a 1996 da sunan The Birdcage da Robin Williams da Nathan Lane kuma ya yi kasuwa sosai. A 1997 Ellen DeGeneres ta bayyana cewa jinsinta take so a shirinta na barkwanci a tashar ABC, mutum sama da miliyan 40 suka kalli wannan fitowar, amma shekara na zagayowa aka tsayar da shirin. A 1998 Will & Grace ya fara a NBC, Modern Family ya biyo a 2009. Wato a lokacin ɗaya ne ko biyu a shekaru, kuma sai manyan tashoshi sun ga dama.

Abu biyu ne suka fasa wannan ƙofar. Na farko YouTube da Vimeo, kuma wannan ba sai na yi miki dogon bayani ba tunda kin ga yadda masu dogon zango na YouTube suka juya Kannywood bayan kasuwar faifai ta mutu. Haka ya faru a can wajen 2012, yara masu kyamara ɗaya da ɗakin aboki suka daina jiran wani kamfani ya sa musu hannu. Kit Williamson ya saki EastSiders a YouTube a 2012, 'yan kallo suka tara masa kuɗi a Kickstarter ya ci gaba, daga baya har Netflix ta ɗauka. Carmilla na Kanada ya fara a 2014, fitowa 'yar minti kaɗan, kusan duka a ɗaki ɗaya ana magana da kyamarar kwamfuta, kuma wani kamfanin audugar mata ne ya ɗauki nauyinsa. Brian Jordan Alvarez ya yi The Gay and Wondrous Life of Caleb Gallo a YouTube a 2016, shi ne dai a 2024 tashar FX ta ba shi English Teacher. Ko Heartstopper da Netflix ta saki a 2022 asalinsa zanen labari ne da Alice Oseman ta fara ɗorawa a intanet kyauta a 2016. Abin da ya sa rubutun waɗannan ya bambanta shi ne masu rubutawar rayuwarsu suke rubutawa, ba wani ne daga waje yake kwaikwayonsu ba, kuma mutum in zai ba da labarin kansa ba zai tsaya a karairaya ba, zai kawo miki kuɗin haya da rigimar uwa da kishi da neman aiki.

Na biyu lissafin kuɗi ne zalla. Sinima sai mutum ya fita ya sayi tikiti a idon jama'a, manhaja kuwa kuɗin wata take ci, abin da ya dame ta kar ka yanke, saboda haka fim mai arha da zai riƙe wasu 'yan tsirarun masu kallo a ƙasashe da yawa riba ne a wurinta. Shekarar 2022 ta nuna wannan ƙarara. Kamfanin Universal ya kai Bros na Billy Eichner sinima, an kashe masa kusan dala miliyan 22 amma ko miliyan 15 bai dawo da ita ba a duniya baki ɗaya. A shekarar dai Fire Island na darakta Andrew Ahn, wanda Joel Kim Booster ya rubuta ya ɗora shi a kan ƙashin labarin tsohon littafin soyayyar nan na Turanci Pride and Prejudice, kai tsaye ya tafi manhajar Hulu ba tare da ya shiga wannan cacar ba. Daga nan yawancin irinsu suka kama hanyar manhaja. Sai dai kar ki ɗauka manhajojin nan soyayya suke yi da kowa, in lissafi bai fita ba yankewa suke, Netflix ta tsayar da Uncoupled na Neil Patrick Harris bayan zango ɗaya tak.

Na kwanan nan da kika tambaya, a Prime Video akwai Red, White & Royal Blue na 2023, soyayyar ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila, gaskiya ni a wurina rubutunsa mai sauƙi ne, tsohon zubin fim ɗin soyayya ne aka canza jarumai kawai. Overcompensating na Benito Skinner da ya fito a Mayun 2025 ya fi shi nama, labarin yaro ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya shiga jami'a yana ta ƙoƙarin nuna shi cikakken namiji ne har abin ya wuce gona da iri, dariyar duk a kan wahalar ɓoye kai take. Bottoms na 2023 hauka ne tsagwaronsa, 'yan mata biyu sun buɗe kulob ɗin dambe a makarantar sakandare, ɗaya daga cikinsu Ayo Edebiri ce wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. A 2025 Andrew Ahn ya sake The Wedding Banquet na Ang Lee na 1993, shi ma auren rufin asiri ne da kaka da ta taso daga Koriya ta ce sai an yi biki na gargajiya, sai A Nice Indian Boy da Karan Soni, wanda kusan rabin nauyinsa a kan iyayen yake. Daga Sifaniya akwai Smiley a Netflix, daga Ingila akwai Big Boys na Channel 4 wanda ya haɗa dariya da maraicin uba da ciwon damuwa, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun rubutu a duka jerin nan. Ki sani ba duka za ki gani a akawun ɗin Najeriya ba, Hulu ta Amurka ce, kuma abin da ke kan kowace manhaja yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Don nazarin rubutu kuwa, Schitt's Creek na Kanada da aka yi daga 2015 zuwa 2020 ya cancanci a tsaya a kansa. Dan Levy da mahaifinsa Eugene Levy suka ƙirƙire shi, attajirai ne suka talauce suka koma wani ƙaramin gari, kuma Dan Levy da gangan ya rubuta garin ba tare da kowa yana tsangwamar David ɗan gidan kan wanda yake so ba. Da ya cire wannan sai dole ya nemo dariya daga halin mutum, girman kai da ragwanci da rashin iya komai na ɗan masu kuɗi, kuma a 2020 shirin ya kwashe kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin guda 9. Darasin da mai rubutu zai ɗauka a nan ya wuce batun jinsi, duk rol ɗin da kika gina shi a kan siffa ɗaya, gurgu ne ko Bafulatanin daji ko bagwari ko ɗan daudu, dariyarsa minti biyar ce ta ƙare, amma wanda kika ba shi buri da tsoro da abin kunya zai ɗauke miki zango shida.

Sai mu sauko gida. Waɗannan fina-finan an yi su ne don al'ummar da dokarta da tarbiyyarta suka bambanta da namu, kuma su kansu ba su ɓoye cewa suna so mai kallo ya tausaya ya karɓa ba, saboda haka ki shiga da idonki a buɗe. A Najeriya akwai dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14, ga kuma dokokin shari'a a jihohin Arewa, a 2024 ma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana fina-finan da ke nuna daba da daudu. A Satumbar 2022 ƙasashen yankin Gulf har da Saudiyya sun fito sun nemi Netflix ta cire abubuwan da suka ce sun saɓa wa Musulunci. Wato a matsayinki na mai rubuta wa kasuwarmu dabarar ginin rol za ki iya ɗauka, labarin kansa ba zai wuce hukumar tacewa ba.

Maganar ƙannenki kuma kar ki yi wasa da ita, don kalmar barkwanci tana yaudarar iyaye su ɗauka na yara ne. Da yawa cikin waɗanda na lissafa na manya ne zalla, akwai batsa a baki da kuma a aikace, Bros da Fire Island da Bottoms da Overcompensating duk haka suke, haka ma Sex Education, wanda mutane ke nema saboda Eric da Ncuti Gatwa ya fito a matsayinsa ya je biki Legas a zango na 3, shi ma na 'yan 18 zuwa sama ne. Ki shiga saitin akawun ɗinki na Netflix ki buɗe musu nasu shafin daban na yara, ki zaɓi iyakar shekarun da za a nuna musu, akwai ma wurin da za ki rubuta sunan fim ki toshe shi gaba ɗaya, sannan ki sa wa naki shafin lambar sirri mai lamba huɗu kar ki ba kowa. Prime Video ma tana da irin wannan makullin. YouTube ita ce mai wahala tunda ba ta neman kuɗin wata, in ƙanana ne sosai ki sauke musu YouTube Kids ki cire babbar daga wayar da suke ɗauka, in kuma sun tasa to ki riƙa duba tarihin kallon kina zama da su kuna magana a kan abin da suka gani.